Ko Kafintan Barlin Ya Cancanci Hawayenmu?

Abin da ya sa na roƙi Edita ya ba ni fili a wannan fitowa, wata gardama ce da ta tashi a ɗakin malamai tun tsakiyar zangon da ya wuce, har yanzu kuwa ba ta kwanta ba. Asalinta littafi ne. Ran wata Alhamis, bayan an tashi daga aji, wani abokin aikina ya shigo ya tarar na kifa littafi bisa tebur ina share ido da hannun riga. Ya ce, "Malam, lafiya? Ko an yi rashi ne a gida?" Na ce masa lafiya lau, labarin wani kafinta ne Bajamushe da matarsa a zamanin yaƙin Hitila. Sai ya jawo kujera ya zauna, ya ce, "Haba Malam! Duk mutanen da Jamusawa suka hallaka ba su ishe ka kuka ba, sai su Jamusawan za ka yi wa?"

Maganar nan ta shige ni, gama ba ta banza ba ce. Na kwana ina juya ta. Ga abin da na tsaya a kai: ya kamata mu karanta irin wannan labari, kada kuma mu ji kunyar tausayin da zai kama mu, musamman mu da aikinmu ke nan renon malaman gobe. Amma bari in fara gaya muku ko wane littafi ne, domin kowa ya auna da kansa.

Wanda ya rubuta shi wani Bajamushe ne, sunansa na yanka Rudolf Ditzen, amma duniya ta fi saninsa da Hans Fallada. An haife shi cikin 1893. Bayan an gama yaƙi cikin 1945, wani marubuci mai suna Johannes Becher ya miƙa masa takardun shari'ar wasu ma'aurata guda biyu, Otto da Elise Hampel, waɗanda aka samo cikin kayan Gestapo, watau 'yan sandan asiri na gwamnatin Hitila. Su waɗannan ma'aurata talakawa ne na wata unguwar ma'aikata a Barlin. Cikin 1940 aka kashe ɗan'uwan matar a fagen fama a Faransa. Tun daga nan suka shiga rubuta katunan wasiƙa suna kushe Hitila da yaƙinsa, suna ajiyewa a matakalar benaye da akwatunan wasiƙu, har suka rubuta fiye da 200. An kama su cikin Oktoba 1942, aka yanke musu hukuncin kisa cikin Janairu 1943, aka sare musu kai a kurkukun Plötzensee ran 8 ga Afrilu 1943. Kurkukun nan kaɗai, fiye da mutum 2,800 aka kashe a cikinsa tsakanin 1933 da 1945.

Fallada ya ɗauki wannan abu da ya faru ya gina labari a kansa wajen ƙarshen 1946, cikin 'yan makonni kaɗan, yana fama da ciwo. Ya rasu ran 5 ga Fabrairu 1947, bai ga fitowar littafin ba. Ma'anar sunansa da Jamusanci ita ce kowa shi kaɗai ya ke mutuwa. Sai cikin 2009 aka juya shi zuwa Turanci, aikin Michael Hofmann, aka buga a Ingila da sunan Alone in Berlin. Wannan ne na karanta.

A cikin labarin, sunan ma'auratan Otto da Anna Quangel, kuma ɗansu ne tilo aka kashe. Yawancin abin da ya faru da farko a gida guda ne ya faru, wani dogon bene na haya a titin Jablonski. Ranar da labari ya bazu cewa Faransa ta faɗi, cikin Yuni 1940, wata mai raba wasiƙu ta hau matakala da takarda a hannu. A wani sashe na gidan, iyalin Persicke, 'yan jam'iyyar Hitila, ana ta shagali. A wani sashen kuma, Anna ta buɗe takarda ta ga ɗanta ya mutu. Cikin zafin rai sai ta ɗora wa mijinta laifi, ta haɗa shi da Hitila cikin magana guda. Shi kuwa Otto mutum ne shiru-shiru, mai tsumulmular kuɗi, shugaban ma'aikata a wata masana'antar katako wadda yaƙi ya mayar da ita wajen ƙera akwatunan bama-bamai, daga baya ma akwatunan gawa. Bai yi kuka ba, bai yi faɗa ba. Sai ran wata Lahadi ya sa safar hannu, ya ɗauki alƙalami da tawada, ya kwashe wuni yana zana kati ɗaya da manyan baƙaƙe.

To, a cikin benen nan akwai kowa. A can ƙoli akwai wata tsohuwa Bayahudiya, Rosenthal, wadda aka tafi da mijinta, maƙwabta kuma suna zuba ido kan akwatunanta. Akwai wani tsohon alƙali, Fromm, wanda ya ɓoye ta a ɗakinsa. Akwai wani ɗan tsegumi, Borkhausen, wanda ba shi da sana'a sai laɓe da kai rahoto. Akwai yaron Persicke, Baldur, ɗan shekara goma sha shida, wanda har ubansa ke tsoronsa. Duk mutanen nan matakala ɗaya su ke hawa, suna gaisawa da safe.

Yanzu in komo kan gardamarmu. Abokina ya kawo hujja uku, kuma ba zan rage musu nauyi ba.

Ta farko, ya ce ƙagaggen labari ƙarya ne, mu kuwa malaman tarihi gaskiya mu ke nema. Na yarda Fallada ya yi gyare-gyare. Ɗan'uwa ya mayar ɗa. Ya ƙara mutanen da ba su taɓa rayuwa ba. Akwai ma abin da ya fi wannan: takardun shari'a sun nuna cewa bayan an yanke wa Otto da Elise na gaskiya hukunci, kowannensu ya rubuta takardar neman sassauci yana tura wa ɗayan laifi, alhali a littafi sun riƙe wa juna amana har ƙarshe. Wannan ya kamata kowane mai karatu ya sani. Amma duk da haka, ku duba abin da littafin tarihin aji ya ke ba mu. Ya kan ce Hitila ya hau mulki ran 30 ga Janairu 1933, yaƙi ya ɓarke ran 1 ga Satumba 1939, Jamus ta miƙa wuya ran 8 ga Mayu 1945. Duk gaskiya ne, kuma tilas ɗalibi ya haddace. Sai dai na yi shekaru ina koyar da waɗannan ranaku, kuma kowace shekara sai wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, yaya aka yi mutane masu ilmi haka suka yarda?" Ranakun ba su taɓa amsa masa ba. Benen titin Jablonski ya amsa. Wannan yana tsoron a kore shi daga aiki, wancan yana kwaɗayin kayan tsohuwa, wata tana so a ƙara wa ɗanta girma, wani kuma ya ce shi dai babu ruwansa. Da haka aka yarda.

Kada kuma a ce wannan tsoron maƙwabci ƙirƙirar marubuci ce. Wani masanin tarihi, Robert Gellately, ya zauna ya bi takardun Gestapo na garin Würzburg da suka tsira daga wuta, ya fitar da littafi cikin 1990. Ya nuna 'yan sandan nan ba su da yawa kamar yadda a ke zato, kuma shari'o'i da dama sun faro ne daga rahoton da talakawa suka kai da kansu a kan maƙwabta da abokan aiki. Watau abin da Fallada ya gani da idonsa a Barlin, shi ne mai bincike ya tarar cikin takardu bayan shekara arba'in da ɗoriya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Hujja ta biyu ita ce mai nauyi. Ya ce duk hawayen da aka zubar don Bajamushe, an ɗebo shi ne daga rabon waɗanda aka zalunta: Yahudawa miliyan 6, da miliyoyin mutanen Rasha da Folan da sauransu. Da littafin wanke Jamusawa ya yi, da na bi bayansa a wannan magana, gama akwai labarai masu yin haka, waɗanda kan nuna kowa salihi ne sai dai wasu 'yan tsirarun miyagu can sama. Wannan ba ya cikinsu. Otto da Anna kansu da fari ba su ƙi Hitila ba. Sun ga ya kawo aikin yi, sun gode. Ita Anna har tana cikin ƙungiyar mata ta jam'iyya. Ba su motsa ba sa'ad da a ke fasa kantunan Yahudawa, sai da wuta ta kama nasu gemun. Marubucin bai ɓoye wannan ba, har ma waɗanda suka fara buga littafin cikin 1947 suka rage wasu wurare da ke nuna haka, sai cikin 2011 aka fitar da cikakkensa. Kuma mutuwar da ta fi tsaya mini a rai cikin littafin duka ta tsohuwa Rosenthal ce, wadda ta faɗo daga tagar benen da ta zauna shekara da shekaru, bayan maƙwabtanta sun wawashe ta. Wanda ya karanta wurin nan bai rage wa Yahudawa hawaye ba. Ya ga ma fuskokin waɗanda suka yi musu abin, ya kuwa tarar fuskoki ne irin waɗanda ya saba gani.

A nan ne na ke ganin mun rabu da abokina. Shi yana ɗaukar tausayi kamar hukuncin alƙali ne, wanda ka tausaya wa ka sallame shi. Ni kuwa ina ganin uwa ta kan ji tausayin ɗanta ɓarawo, ba ta kuma ce bai yi sata ba. Akwai ma haɗari cikin ƙin tausayin. In muka ce Jamusawan zamanin nan wasu dodanni ne dabam da 'yan Adam, to, mun kwanta da daɗi, domin mu ba dodanni ba ne, abin ba zai taɓa fitowa daga cikinmu ba. Amma in muka ga matar da ke lissafin takardun rabon abinci, tana ɗinke safar miji, tana jiran wasiƙar ɗa, sai mu gane ta. Da mun gane ta kuwa, tambaya ta juyo kanmu: a wane ɗaki na benen nan za a same ni? Na so in ce ɗakin tsohon alƙali. Da na yi wa kaina gaskiya, na ga ya fi kusa a same ni cikin masu rufe ƙofa su ce ba su ji kome ba.

Mu ma muna da alaƙa da wannan yaƙi. Sa'ad da na ke yaro akwai wani tsohon soja a unguwarmu, kullum maganarsa yaƙin Hitila. Sai da na girma na gane bai taɓa ganin sojan Jamus ba. Sojojin Nijeriya da Italiyawa suka kara a gabashin Afirka, da Japanawa kuma a Bama. Amma sunan Hitila aka raɗa wa yaƙin duka, mu kuwa yara muka tashi da zaton Jamus ƙasa ce mai mutum ɗaya a cikinta, mai ɗan gashin baki. Ba wanda ya gaya mana akwai kafintoci da masu raba wasiƙu. Ban da wannan, a kwalejin nan akwai ɗalibai daga kowane sashe na ƙasa, kuma da wuya a rasa waɗanda gidajensu ke da labarin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, wasu daga wannan gefe, wasu daga wancan. Ban ce yaƙinmu irin nasu ba ne, ko kusa. Abin da na ce shi ne, wanda ya koyi zama cikin ɗakin iyalin abokan gaba ta hanyar littafi, zai fi iya sauraron abokin kwanansa ranar da ya fara ba shi labarin kakarsa.

Hujja ta uku, ya ce to, me katunan suka tsinana? Gaskiya ne, ba su tsinana kome ba. Wannan ma shi ne wurin da ya sa ni share ido ran nan. Otto ya yi shekara biyu yana zaton katunansa na yawo hannu zuwa hannu, mutane na karantawa a ɓoye. Ashe mai binciken Gestapo, Escherich, yana da taswirar Barlin a bango, yana kafa 'yar tuta duk inda aka tsinci kati. Da aka kama Otto aka nuna masa, sai ya tarar cikin kusan 300 da ya rubuta, 18 kaɗai ne ba a kai wa 'yan sanda ba. Duk wanda ya tsinta sai jikinsa ya ɗauki rawa, ya ruga ya miƙa, yana tsine wa wanda ya jefa shi cikin masifa. Har mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, sun rasa rayukansu ta dalilin katunan, cikinsu har da yarinyar da ɗansu ya so aura. Marubucin bai sassauta wa Otto wannan ba.

To, aikin banza ke nan? Ni ban yarda ba. Ba a ba Otto zaɓi tsakanin kayar da Hitila da ƙyale shi ba, gama kafinta ba shi da runduna. Abin da ke hannunsa shi ne ya ci gaba da ƙera akwatunan gawa bakinsa a rufe, ko kuwa ya ce bai yarda ba ta 'yar hanyar da ya iya. Ya zaɓi na biyu, ya kuwa san farashinsa tun daga katin farko. A littafin, mutum ɗaya tak ya karanta katunan duka a tsanake, watau shi mai binciken, kuma a ƙarshe abin ya hana shi zama da kansa. A zahiri kuma, takardun da Gestapo ta tara don ta hallaka Otto da Elise Hampel su ne suka adana sunansu. Ga shi fiye da shekara 80 bayan kashe su, wani malami a Nijeriya yana ba ku labarinsu.

In faɗi gaskiya kuma, shi kansa Fallada ba jarumi ba ne. Bai gudu daga Jamus ba kamar yadda wasu marubuta suka yi, kuma cikin 1938 ya yarda ya sake ƙarshen wani littafinsa don ya dace da abin da ma'aikatar Goebbels ke so. Ina jin shi ya sa ya iya zana matsorata da kyau haka. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

Saura in yi magana da ku ɗalibai, domin don ku na ɗauki alƙalami. Cikin duk mutanen benen nan, wanda ya fi ba ni tsoro Baldur ne, yaron nan ɗan sha shida. Ba a haife shi mugu ba, koya masa aka yi. Ku riƙe waɗannan: ya zuwa 1937, kashi 97 cikin 100 na malaman makaranta a Jamus sun shiga ƙungiyar malamai ta jam'iyyar Hitila. Cikin Nuwamba 1938 aka kori 'ya'yan Yahudawa daga makarantun gwamnati. Cikin 1939 aka tilasta wa kowane yaro shiga ƙungiyar samarin Hitila. Waɗanda suka kira sunaye daga rajista da safen nan, suka tsallake na yaran da aka kora, malamai ne irinku, masu takardar shaida, masu iya tsara darasi. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi, kuma ba kullum a kan tanƙwara shi wajen alheri ba. Wata rana za ku tsaya gaban yara arba'in, wani ya furta mummunar kalma a kan ƙabilar wani ko addininsa, aji ya fashe da dariya, idanu su juyo kanku. Ba mai sare muku kai in kun tsawata. In kuwa kuka yi kamar ba ku ji ba, to, kun zaɓi ɗakinku a benen.

Saboda haka ga shawarata guda biyu. Ta ɗaya, duk wanda zai koyar da babban yaƙi a lokacin gwajin koyarwa, bayan ya rubuta ranaku da adadi a allo, ya ba yara gida ɗaya: uba, da uwa, da ɗa, da maƙwabci, ya tambaye su abin da kowannensu zai yi in an ƙwanƙwasa ƙofar tsohuwar da ke sama. Ta biyu, ƙungiyar masu karatu ta kwaleji ta sa wannan littafi cikin na zango mai zuwa. Yana da kauri, amma Turancinsa mai sauƙi ne, kuma wanda ya wuce babi uku na farko ba zai so ajiyewa ba.

Da na ce in kai nawa ɗakin karatu don kowa ya samu, sai na tuna ba ya hannuna. Abokin gardamata ya are shi tun mako biyar da suka wuce. Jiya na tambaye shi, ya ce mini, "Malam, har yanzu ban sake ra'ayi ba, amma ka ƙara mini mako ɗaya, na kai wurin shari'a." Na ƙara masa. Ina roƙon Edita ya ajiye masa fili a fitowa mai zuwa, ya zo ya faɗi nasa, jama'a su yi mana hukunci.